Digiri Huɗu

Asubahi a tsibirin Marinduke, ganyen kwakwa na ɗigar raɓa,
Mang Tiburcio ya janye mini ƙyauren gora.
Jiya aladu goma sha bakwai,
yau sha biyar ke tsaye.
Uwar garken na kwance, kunnuwanta sun yi shuɗi,
ta sansana dusa ta kau da kai.
Tsohon bai ce uffan ba.
Kuɗin makarantar jikarsa ne
ke numfashi sama-sama a kan siminti.

Na rataya igiyar auduga a jikin shinge,
ƙananan suka yi caa suna tauna,
na matse miyansu cikin leda.
Sai jini daga jijiyar wuya
zuwa kwalba mai murfi shunayya,
na juya ta a hankali, ba girgiza,
kamar mai lallashin jinjirin da bai gama barci ba.
Daga wadda ta mutu da dare, ɗan yankin saifa,
baƙi wuluk, a kumbure.
Lamba, kwanan wata, sunan gona,
da alƙalamin da ruwa ba ya gogewa.

Malamata takan ce mana:
ƙwayar cuta shaida ce, amma shaida mai raki.
Zafi ya taɓa ta, ta manta abin da ta gani.
Ki daskarar, ki narkar, ki sake daskararwa,
ta isa gaban alƙali ba baki.
Digiri huɗu, Luningning.
Daga turke har teburin gwaji, digiri huɗu.

Na ɗaure akwatin sanyi a bayan babur,
na lulluɓe shi da rigar ruwata,
ni na sha rana.

A tashar Balanakan allo ya ce babu jirgi,
teku ta tashi da fushi.
Kafin magariba wuta ta ɗauke,
duk firjin garin suka yi shiru lokaci guda.
Na buɗe akwatin da fitilar waya:
ƙanƙarata ta fara kuka.

Aling Pasing mai kifi ta leƙo.
Me kika ɓoye haka, zinariya?
Na ce jinin alade.
Ta yi dariya har da riƙe ciki,
sannan ta kwashe ƙanƙarar da ke kan kifinta
ta juye mini, da ƙarni da ɓawo da komai.
Ta ce ita ma tana da biyu a bayan ɗaki.

Sha ɗaya na dare, biyar.
Ƙarfe ɗaya, shida.
Na jingina da bango don in huta da idona kaɗai.

Zakara ne ya tashe ni.
Ma'aunin ba ya rufa wa kowa asiri:
sha tara, awa uku cur.

A cikin jirgi takardar na kan cinyata,
ga gurbin da aka ce yanayin samfuri.
Kalma ɗaya, lafiya, ta ishe shi,
wa zai sani?
Injin zai juya, ya tofo amsa.
In ya ce akwai, to akwai.
In ya ce babu fa?
Babun samfurin da ya sha zafi
ita ce ke buɗe ƙyaure,
ta ɗora alade a mota ranar kasuwa,
ta bi ƙauye bakwai kafin Lahadi.

Na rubuta: sanyi ya yanke awa uku, barci ya ɗauke ni.
Kada a yarda da babu.
Na sa hannu, hannun na warin kifi.

Waya ta yi ƙara daf da Lusena.
Tiburcio ne, kalma biyu: sha huɗu.
Na amsa masa: kar ka sayar, kar ka yanka,
kar maƙwabci ya taka turken.
Jibi ina tafe da sabuwar igiya
da akwati biyu,
ka ce wa Pasing ta ajiye mini ƙanƙara, zan biya.